Awa Ɗari Tsakanin Tekuna Biyu

Tsakanin ƙasar Faransa da ƙasar Sifen Allah Ya gitta wani jerin duwatsu da ake kira Pirenis, wanda ya taso daga gaɓar Tekun Atilantika a yamma, bai tsaya ba sai da ya dangana da Bahar Rum a gabas, tsawon abin da ya haura kilomita 400. Masu karatun tarihin Andalus ba baƙonsu ba ne, domin ta mashigansa na yamma Abdurrahman al-Gafiƙi ya ƙetara da rundunarsa a shekarar 732. Mutanen da, in an gan su cikin waɗannan duwatsu, to larura ce ta kai su, ko yaƙi, ko fatauci, ko kiwo, ko ziyara. Amma a zamaninmu, da zarar dusar ƙanƙara ta narke hukuma ta buɗe hanyoyi, sai ka ga jama'a maza da mata, har da masu furfura, sun hallara a garin Hendaye da ke bakin Atilantika, kowa riƙe da kekensa, da niyyar bin ƙololuwar duwatsun nan har garin Cerbère na bakin Bahar Rum. Tafiyar kilomita 720 ce, a cikinta akwai mashigai 18, in kuwa aka tattara hawan da ke cikinta gaba ɗaya zai kai kimanin mita 11,000, sharaɗi kuma shi ne a gama cikin awa 100, har da barci da cin abinci da faci. Wata ƙungiyar mahaya keke ta birnin Pau ce ta assasa wannan al'ada a farkon shekarun 1950, ita ke ba kowane mahayi ɗan kati wanda zai riƙa miƙawa a kantuna da gidajen shayi na kan hanya ana buga masa hatimi, shaidar ya bi ta wurin. Wanda ya cika sharaɗi, iyakar abin da zai samu 'yar lamba ce ta ƙarfe.

Mai karatu na iya cewa wannan wahalar da kai ce ta waɗanda suka ƙoshi, ba kuwa zan yi jayayya mai tsawo da shi ba. Abin da ya sa na ga mas'alar ta cancanci maƙala shi ne wani abu da duk wanda ya san hanyar ke shaidawa, cewa samari majiya ƙarfi sukan sare a yini na biyu, alhali dattijo ɗan shekara sittin, siriri, mai tafiya kamar ba ya so, ya isa teku da sauran awoyi a hannunsa. Wannan ba karama ba ce. Hisabi ne, kuma hisabin a fili yake ga mai son bin diddiginsa.

Jarida ce ta fara jawo hankalin duniya ga waɗannan hanyoyi. Henri Desgrange, editan jaridar wasanni ta L'Auto, shi ya ƙirƙiro tseren zagaya Faransa, wato Tour de France, a 1903, don jaridarsa ta sami kasuwa. Da shekaru suka ɗan tura, aka ga masu karatu na neman sabon abu, sai wani ma'aikacinsa mai suna Alphonse Steinès ya matsa masa lamba a 1910 cewa a shigar da manyan duwatsu cikin tseren. Hanyoyin kuwa an sare su ne tun zamanin Sarki Napoleon III don haɗa garuruwan maɓuɓɓugan ruwan zafi inda masu hali ke zuwa neman waraka, kuma can sama ba kwalta, sai tsakuwa da taɓo da sawun alfadarai. Steinès ya tafi duba mashigin Tourmalet, mafi tsawo cikin mashigan waɗannan hanyoyi, mai mita 2,115 daga doron teku. Dusar ƙanƙara ta tare motarsa saura 'yan kilomita ya kai ƙololuwa, direba ya ce shi kam ba inda za shi, shi kuwa ya ci gaba da ƙafa har dare ya rufa, ya ɓace, ya faɗa rafi, ba a tsince shi ba sai wajen ƙarfe uku na dare kusa da ƙauyen Barèges, sanyi ya kusa halaka shi. Da gari ya waye ya farfaɗo, sai ya buga wa maigidansa tangaraho cewa ya ƙetare Tourmalet, hanya kyakkyawa ce, keke zai bi ba wata matsala. A kan wannan shaidar zur aka gina ɗaya daga cikin mashahuran ranakun tarihin keke.

Ranar 21 ga Yuli, 1910, da ƙarfe uku da rabi na dare, aka saki mahaya daga garin Luchon zuwa Bayonne, kilomita 326 a zango guda, wato nisan Kano zuwa Kaduna da ƙarin kusan kilomita ɗari, a tsakani kuma ga mashigai huɗu, ga Peyresourde, ga Aspin, ga Tourmalet, ga Aubisque, kowanne na jiran su bayan ɗan'uwansa. Octave Lapize ne ya fara kai ƙololuwar Tourmalet, amma da tura keke ya cika, domin mutum guda, Gustave Garrigou, aka shaida ya hau bai sauke ƙafa ba, har aka ba shi tukuicin faran 100. A kan Aubisque, da Lapize ya iso inda wakilan jarida ke tsaye da agogo, ya dube su ya kira su masu kisan kai, ya ce yana sauka zai ajiye tseren. Bai ajiye ba. Shi ya ci zangon cikin awa 14 da minti 10, shi ya ci gasar ta wannan shekara, kuma bayan shekara bakwai aka harbo jirginsa a Yaƙin Duniya na Farko ya mutu. A wannan shekarar ce ma aka fara sa mota ta biyo bayan ayari tana kwasar waɗanda suka gaza, al'adar da har yau ba a bari ba.

To, mene ne ke cikin hawa da har zai sa gwani irin Lapize ya zagi masu shirya tseren a bainar jama'a?

Mai tafiya da keke a miƙaƙƙiyar hanya, babban abokin gabarsa iska ce, ko da kuwa ranar ba ta kaɗawa, domin jikinsa ne ke keta ta. Kuma masana ilmin ɗabi'a sun tabbatar cewa in gudu ya ninka sau biyu, turjiyar iska takan ninka sau huɗu, ƙarfin da ake buƙata don cin galabarta kuwa ya ninka sau takwas. Saboda haka ne mahaya ke tafiya a dunƙule, na baya yana laɓe a bayan na gaba, yana tsimin kusan sulusin ƙarfinsa, har mai rauni ya iya yini cikin ayarin ƙarfafa ba a gane shi ba. Amma da zarar hanya ta ɗaga kai, gudu ya sauko zuwa kilomita goma a awa, sai iska ta zama ba a bakin komai ba, nauyi ya karɓi hukunci, wajen kashi tara cikin goma na wahalar mahayi ya koma ɗaga jikinsa da kekensa sama. A nan laɓewa ba ta da amfani, babu wanda zai ɗaukar wa wani nauyinsa, ayari ya watse, kowa ya koma matsayinsa na haƙiƙa. Mizanin da ake auna mahayin dutse da shi ba yawan ƙarfinsa ba ne ɗungum, a'a, ƙarfin da yake iya dawwama a kai ne, a raba shi da nauyin jikinsa. Shi ya sa ƙato mai faffaɗan ƙirji, wanda ba a iya kamo shi a fili, kan zama abin tausayi a dutse, ɗan tsurut ya wuce shi yana gaishe shi.

Bari mu ɗauki Tourmalet ɗin kansa, ta fuskar yamma, yadda masu tahowa daga Hendaye ke samunsa. Daga garin Luz-Saint-Sauveur zuwa ƙololuwa kilomita 19 ne, a cikinsu hanya na tashi kimanin mita 1,400, wato a kowace mita ɗari da taya ta shafe an hau mita bakwai da ɗoriya. A bakin hanya, kowace kilomita, hukumar yankin ta kafa ɗan allo mai hoton keke, an rubuta tsawon wurin daga teku, da abin da ya rage, da tsananin hawan kilomitar da ke tafe. Mahayi yakan ɗago kai daga kallon tayar gaba, gumi na ɗiga daga haɓarsa bisa ƙarfen keke, ya karanta 8, ya sunkuya, bayan minti shida ko bakwai ya sake ɗagowa ya karanta 9. Har Barèges akwai gidaje da inuwar itatuwa da ƙarar rafi. Daga nan sai itatuwa su ƙare, fili ya buɗe, ba abin da ake ji sai ƙararrawar shanu da tumaki da ke kiwo a sake, can sama kuma ga hasumiyar masu duban taurari a kan Pic du Midi tana leƙo mutum. Kilomita ta ƙarshe, lokacin da ƙafa ta riga ta mutu, ita ce mafi tsanani, tana kai goma cikin ɗari. In mahayi da kekensa da gorar ruwansa sun kai kilo 80, ya kuma so ya gama hawan cikin awa biyu, to wajibi ne ya riƙa fitar da kimanin wat 175 ba yankewa, wat ɗin nan da ake rubutawa a jikin ƙwan lantarki. Ƙwararrun 'yan tsere sukan gama shi cikin ƙasa da awa guda, domin suna iya riƙe wajen wat shida ga kowane kilo na jikinsu, abin da ya ninka na lafiyayyen mutum mai motsa jiki sau biyu ko fiye. Kowane kilo guda na ƙari, ko a jiki yake ko a jaka, kuɗinsa minti ɗaya da rabi ne a wannan hawa kaɗai, tafiyar kuwa gaba ɗayanta daidai take da hawan Tourmalet sau takwas. Wannan ne ya jefa masu ƙera kekuna cikin gasar rage nauyi, har hukumar tseren keke ta duniya ta ga abin na neman zama haɗari ta yanke cewa keken tsere kada ya gaza kilo 6.8. Ni dai abin da ke ba ni dariya shi ne attajirin da zai zuba dukiya don a rage masa rabin kilo a keke, alhali yana ɗauke da kilo goma a tumbinsa waɗanda zai iya saukewa kyauta.

Nauyi ba ya raguwa da dabara, amma ana iya rarraba shi, kuma aikin giya ke nan. Tayar keken titi in ta juya sau ɗaya tana cin mita biyu da 'yan kai. Idan sarƙa na kan babban faranti mai haƙori 50 a gaba da ƙarami mai haƙori 12 a baya, kowane zagayen feda zai tura keke kusan mita tara, abin da ya dace da fili. In aka mayar da ita kan mai haƙori 34 a gaba da mai 32 a baya, zagaye ɗaya bai wuce mita biyu da kwata ba, sai ƙafa ta riƙa juyawa wajen sau saba'in a minti cikin sauƙi maimakon ta riƙa danna feda da dukan nauyin jiki sau talatin. Jimlar aikin ba ta canja ba ko da ƙwayar zarra, sai dai an yanka shi ƙanana yadda tsoka za ta iya haɗiya, aka ɗora mafi yawan wahalar a kan zuciya da huhu, waɗanda Allah Ya halitta su don aikin da ba ya tsayawa. Su Lapize ba su sami wannan rahama ba. Galibinsu giya biyu gare su, ɗaya a kowane gefen tayar baya, in mutum ya iso gindin dutse sai ya sauka, ya kwance tayar, ya juya ta, ya ɗaure, in ya kai sama ya sake. Ba don ba a ƙirƙiro na'urar canja giya ba, an ƙirƙiro. Desgrange ne ya ƙi ta, yana ganin ragwanci ce, har an ruwaito ya ce ta dace da waɗanda suka haura shekara 45 ne kawai, kuma ba a halatta ta ga manyan 'yan tseren Tour de France ba sai 1937.

Wanda ya tsaya masa a gaba cikin wannan muhawara wani dattijo ne na birnin Saint-Étienne, Paul de Vivie, wanda aka fi sani da laƙabin Vélocio, mai mujallar Le Cycliste, wanda ya yi shekaru yana gwada nau'o'in giya a duwatsun yankinsu, yana shafe ɗaruruwan kilomita a yini har bayan ya tsufa, kafin taragon cikin gari ya buge shi ya mutu a 1930. Shi ne shehin masu doguwar tafiya, kuma ƙa'idojin da ya bar wa almajiransa har yau su ake karantar da sabon shiga: a ci kafin a ji yunwa, a sha kafin a ji ƙishirwa, a taƙaita hutu kada jiki ya yi sanyi, kada a kai ga gajiyar da ke hana ci da barci, kada a matsa a awoyin farko lokacin da jiki ke ruɗin mutum da jin ƙarfi, kuma kada a taka feda don a gani a yaba. A ganina wannan ta ƙarshe ta fi sauran nauyi, domin ujubu da riya sun kayar da mahaya a duwatsun nan fiye da yadda tsananin hawa ya kayar. Mutum ya ga wani ya wuce shi, zuciya ta ɗebe shi, ya bi, ya ci bashin da jikinsa zai biya gobe da riba.

Akwai kuma wani haraji da dutse ke karɓa a ɓoye, shi ne na numfashi. Tun 1648 aka tabbatar da cewa iska na da nauyi, kuma nauyin na raguwa in an hau sama, lokacin da Blaise Pascal ya sa surukinsa Florin Périer ya hau dutsen Puy de Dôme da bututun zaiba, aka ga zaibar ta sauka wajen santimita takwas tsakanin gindi da ƙololuwa. A tsawon mita 2,000 matsin iska bai wuce kashi huɗu cikin biyar na bakin teku ba. Rabon oksijin a cikinta bai canja ba, yana nan kashi 21 cikin ɗari, amma kowane shaƙa ɗaya abin da yake kawowa ya ragu, jini bai cika ƙoshi ba, sai ƙarfin mahayi ya ragu da wajen ushuri daidai inda hanya ta fi tsanani. Wanda ya zauna makonni a tudu, ƙodarsa takan saki wani sinadari da ke umartar ɓargo ya ƙara jajayen ƙwayoyin jini, wanda kuwa aka haifa a can ya tashi da wannan gado. Ba banza ba 'yan Kolambiya suka shahara da hawa, har Egan Bernal, wanda ya tashi a Zipaquirá sama da mita 2,600, ya ci Tour de France a 2019. Haka 'yan Eritiriya, waɗanda babban birninsu Asmara ya haura mita 2,300, kusan ninkin tsawon Jos, daga cikinsu Daniel Teklehaimanot ya sa rigar gwanin dutse a gasar 2015. Wannan sinadari na ƙoda shi ne masu magunguna suka kwaikwaya don masu ƙarancin jini, 'yan tsere suka karkatar da shi ga ha'inci a shekarun 1990, badaƙalar da ta kai ga ƙwace wa Lance Armstrong nasarorinsa bakwai a 2012.

Sai batun ciki, wanda a doguwar tafiya ya fi kowane batu yanke hukunci. Jiki na da taska biyu. Kitse mai yawa ne, ko a jikin siriri akwai abin da zai kai shi kwanaki, amma fitar da shi na da jinkiri. Sukarin da ke ajiye a tsoka da hanta kuwa nan take ake samunsa, sai dai bai wuce giram 400 zuwa 500 ba, kimanin kalori 2,000. Misalinsu kamar gero a rumbu ne da gari a ƙwarya: gero na da yawa amma sai an sussuka an surfa an niƙa, gari kuwa a shirye yake amma in aka yi ta ɗiba ba a ƙarawa, kafin la'asar an ga gindin ƙwarya. Mai tafiya a hankali yana ci daga duka biyun, mai gaggawa kuwa garin kaɗai yake kwasa. Hawan Tourmalet shi kaɗai yana cin sama da kalori 1,000, domin tsoka ba ta mayar da abin da ta ƙona aiki sai rubu'insa, sauran ya tafi a zafi. Ranar da sukarin nan ya ƙare, abin ba ya zuwa da sallama: mutum na cikin tafiya lafiya sai ƙafa ta yi nauyi, gumi mai sanyi ya keto, ido ya riƙa ganin dishi-dishi, hankali ya dugunzuma, domin ƙwaƙwalwa ma da sukarin take aiki, har ka ga babban mutum zaune a bakin hanya yana rawar hannu yana ɓare ayaba. Maganinsa a riƙa ci kaɗan-kaɗan tun daga awar farko, giram 60 zuwa 90 na sitaci da sukari a kowace awa, gwargwadon abin da hanji ke iya ɗauka, ko ana sha'awa ko ba a yi.

Zafin nan da ya tafi da kashi uku cikin huɗu na abincin dole ya fita, a fili iskar gudu ke kwashe shi, a hawa kuwa babu gudu, sai gumi, lita guda ko fiye a awa, da gishirin da ke tafiya tare da shi. Ranar 13 ga Yuli, 1967, Tom Simpson na Ingila ya faɗi ya mutu kusa da ƙololuwar dutsen Ventoux a kudancin Faransa yana da shekara 29, cikin tsananin rana, an kuma sami ƙwayoyin ƙara kuzari da barasa a jininsa, waɗanda suka toshe masa kunne daga gargaɗin da jikinsa ke yi masa.

Wanda bai sani ba zai zaci in an kai ƙololuwa wahala ta ƙare, nan kuwa haɗarin ke farawa. Duk ƙarfin da aka tara cikin awa biyu na hawa, dutse zai mayar da shi cikin minti ashirin da 'yan kai, keke ya kai gudun kilomita 70 ko 80 a awa a kan tayar da faɗinta bai fi yatsa biyu ba, kuma duk abin da iska ba ta cinye ba birki ne zai mayar da shi zafi. Mai tsoro da ya riƙe birki tun daga sama har ƙasa yakan gasa bakin wili har tayar ta fashe, ko birkin ya daina kamawa. Ƙa'ida ita ce a saki a miƙe, a kama da ƙarfi kafin kwana, a saki a cikinta, ido na kallon mafita ba ramin da ke gefe ba. Ga kuma sanyi, domin kowace mita 1,000 ta tsawo tana rage zafi da kimanin digiri shida da rabi, mutum ya iso jiƙe sharkaf da gumi ya faɗa cikin iska mai sanyi da gudu, yatsu su ƙage har su kasa matsa birki. Tsofaffin mahaya sukan karɓi jarida daga hannun 'yan kallo su cusa a ƙirji ƙarƙashin riga, dabarar da har yau ba ta mutu ba. Ga shanu da ba su san dokar hanya ba, sukan kwanta a tsakiyar kwalta bayan kwana. Tsakanin Aubisque da mashigin Soulor hanyar an sassaƙe ta ne a jikin dutse, bango a hannu ɗaya, rami a ɗayan, da 'yan ramukan ƙarƙashin dutse masu duhu da ɗigar ruwa. A gangaren Aubisque ne Wim van Est, mutumin Holan na farko da ya sa rigar jagoran gasa, ya zarce cikin kwazazzabo a 1951, ya gangara wajen mita 70, aka ƙulla tayoyin keke aka yi igiya aka jawo shi da ransa, ba ko karaya. Fabio Casartelli na Italiya, zakaran Olamfik na 1992, bai sami wannan sa'a ba: ya faɗi a gangaren Portet d'Aspet ranar 18 ga Yuli, 1995, kansa ya bugu ya rasu, kuma duk da haka sai a 2003 aka wajabta wa ƙwararru hular kwano. Masu tafiyar awa ɗari suna bi ta gaban dutsen tunawa da shi.

Bayan mutum ya kiyaye dukan waɗannan sabubba, ya auna nauyinsa, ya zaɓi giyarsa, ya ci ya sha a kan kari, akwai sauran abin da ba ya shiga lissafi, kuma ba wanda ya ɗanɗana shi kamar Eugène Christophe. A gasar 1913 an juya zangon, aka taso daga Bayonne zuwa Luchon, Christophe ya ƙetare Tourmalet yana gaba-gaba, bisa lissafin lokaci ma shi ke jagorancin gasar duka. Yana cikin gangarowa sai fok ya karye, wato ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ke riƙe da tayar gaba. Dokar Desgrange a lokacin ita ce, mahayi shi zai gyara kekensa da hannunsa, ba mai taimaka masa, ba kuma canja keke. Sai ya saɓa keken a kafaɗa, ya riƙe tayar a hannu, ya gangaro da ƙafa wajen kilomita goma yana kuka, waɗanda ya bari a baya suna wuce shi ɗaya bayan ɗaya, har ya iso ƙauyen Sainte-Marie-de-Campan aka nuna masa maƙera. Da ma ya koyi aikin ƙarfe tun yana yaro. Maƙerin ya so ya karɓa, alƙalan gasa da suka biyo shi suka hana, sai dai ya tsaya gefe yana faɗa da baki; Christophe ya hura gawayi, ya sa ƙarfe a wuta har ya yi ja, ya ɗora a uwar maƙera yana duka, ga gajiyar manyan duwatsu biyu a jikinsa, alƙalai na tsaye a kansa da agogo. Da aiki ya kai inda hannu ɗaya ke riƙe da ƙarfe ɗaya da guduma, sai wani yaro ɗan shekara bakwai ya ja masa zugazugi. Alƙalai suka rubuta cewa ya karɓi taimako, suka ci shi tarar minti goma, daga baya aka rage zuwa uku, a kan mutumin da ya riga ya yi hasarar kusan awa huɗu. Ya cusa burodi a aljihu, ya hau, ya ƙetare Aspin da Peyresourde, ya isa Luchon, ya kuma gama gasar a matsayi na bakwai, Philippe Thys na Beljiyam ya ci.

A 1919, shekarar da aka fara ba jagoran gasa rigar ruwan ɗorawa, Christophe ne mutum na farko da ya sa ta, yana kuma riƙe da ita har saura zango biyu a gama, sai fok ya sake karye masa a kan hanyar duwatsun daɓe ta arewacin Faransa, ya sake gyarawa da hannunsa, ya ƙare na uku. Jaridar L'Auto ta buɗe masa asusu, masu karatu suka yi ta aiko da abin da ya sawwaƙa, har abin da aka tara ya fi kyautar wanda ya ci gasar. A 1922 fok na uku ya karye masa a gangaren Galibier cikin duwatsun Alps. Bai taɓa cin Tour de France ba.